Amsa: Gyaran bayanan CSV yayin loda su cikin MySQL

Malam, ka ce kana da fayil ɗin CSV (teburin bayanai da waƙafi ke raba ginshiƙansa) na manoman shinkafa da ƙungiyarku ta tattaro a Argungu da Suru, amma da ka loda shi cikin MySQL, manhajar adana bayanai, sai ranakun suka rikice, lambobin waya kuma suka rasa sifilin farko.

Ɓacewar sifilin lambobin waya aikin Excel ne. Yana ɗaukar lambar a matsayin adadi, sai ya yar da sifilin. Ka mai da ginshiƙin VARCHAR, wato rubutu ba adadi ba, ka karɓi lambar a @waya a cikin LOAD DATA (umarnin loda fayil), sannan LPAD(@waya, 11, '0') ya dawo maka da shi, tunda lambobinmu 11 ne.

Ranaku kuwa, MySQL shekara, wata, rana yake so. A cikin LOAD DATA ka fara karɓar ranar a @rana, sai a sashen SET ka rubuta rana = STR_TO_DATE(@rana, '%d/%m/%Y'), in rana/wata/shekara aka rubuta a fayil ɗin.

Inda za ka sha wuya sunayen ƙananan hukumomi ne. Wannan ya rubuta B/Kebbi, wancan Birnin-Kebbi, wani ma "birni" kawai ya sa ya wuce abinsa. Ni dai na daina amfani da CASE (jera sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya) a nan, tsawonsa ba ya ƙarewa. Gara ka yi ɗan tebur mai ginshiƙi biyu: yadda aka rubuta, da sunan da ya dace cikin ƙananan hukumomi 21 da jihar Kebbi ke da su. Ka zuba komai a teburin wucin gadi, ka haɗa shi da teburin sunayen ta LEFT JOIN, duk layin da ya fito NULL, wato bai samu sunan da ya dace ba, ka bi shi da ido ka ƙara a teburin sunayen.

Kuma ka adana fayil ɗin a UTF-8, tsarin haruffa da ya san ɓ, ɗ da ƙ, ka sa CHARACTER SET utf8mb4, in ba haka ba ɗ ɗin Ɗanladi alamar tambaya zai koma.