Ga ƙanwata da aka ce ƙwaƙwalwar mace ba ta iya zanen injiniya

Ƙanwata, kin ce kin faɗi darasin zanen injiniya, malaminku ya ce bincike ya nuna ƙwaƙwalwar mace ba ta iya juya siffa a ka, kina tambaya ko ki canja kwas. Don girman Allah kada ki canja.

Ni ma an yi min. Nawa malamin kira na ya yi gaban allo, ya ce in zana wani guntun ƙarfe ta gaba da ta sama da ta gefe. Na tsaya da alli a hannu, jikina na rawa. Ya fizge allin ya ce wa aji, "Kun gani ko? Shi ya sa nake cewa su tafi su koyi girki." Samari suka kwashe da dariya, har da mai buga tebur. Daga ranar kullum ya shigo sai ya ce, "Ina mai girkinmu?" Sunan ya bi ni har wurin cin abinci. Abin da ya fi ƙona min rai, bawan Allahn nan bai taɓa zama ya nuna min yadda ake yi ba, alhali aikin da ake biyansa ke nan. Na yi kuka a kan sallaya har idona ya kumbura. Wallahi har yau in na ji murya irin tasa sai gabana ya faɗi, kuma na daɗe ban yafe masa ba.

Gwajin da malaminku yake magana akwai shi. Tun 1971 wasu masu bincike, Shepard da Metzler, suka fara auna yadda mutum ke juya siffa a zuci, kuma in aka tara makin jama'a maza kan ɗan fi. Amma rabin zancen ya faɗa muku. Sheryl Sorby, injiniya ce da ta koyar a jami'ar Michigan Tech a Amurka, ita ma zanen nan ya ba ta wuya tana ɗaliba. A 1993 ta fara kwas na horar da masu rauni a kansa, makinsu ya tashi, matan da suka yi shi kuma sun fi tsayawa a karatun injiniya. A Toronto a 2007, awa 10 kacal na wasan kwamfuta ya rage tazarar maza da mata a irin wannan gwaji. Eleanor Maguire kuwa, wata mai binciken ƙwaƙwalwa, a 2000 ta gano cewa direbobin tasi na Landan, bayan shekaru suna haddace tituna, wani ɓangaren ƙwaƙwalwarsu mai riƙe hanya ya fi na sauran mutane girma. Ƙwaƙwalwa tana bin aikin da aka sa ta.

Har harshe yana da hannu. Mutanen Guugu Yimithirr na Ostireliya ba sa kwatance da hagu da dama, sai gabas da yamma da kudu da arewa, don haka macensu da namijinsu kullum suna sane da inda suka fuskanta. Kakata ma haka take, "miƙo min ƙwaryar da ke kudu da ke," ko cikin duhu ba ta ɓata alƙibla. Su yaran maza tun suna ƙanana suna haɗa motar kara suna yawon gari, mu ana ce mana mu zauna gida, sai a zo aji a ce halitta ce.

Ki sayi sabulun wanki mai sanda, ki yanka siffar da aka ba ku da wuƙa, ki juya ta a hannu, ki zana kowane gefe kafin ki duba littafi. Da haka na koya, da kwali ma. Ki daina zama a bayan aji. Kuma kada ki faɗa a gida cewa ba za ki iya ba, wasu jira suke su ce a yi miki aure a huta. Ki ci abinci kafin jarabawa, yunwa na ƙara rawar hannu. In malaminku ya kira ki da wani suna ki rubuta ranar, ki kai wa shugaban sashe tare da wata shaida.

Ki ɗauki hoton zanen da ya kayar da ke ki turo min, in na tashi daga aiki mu bi shi layi-layi.