Tambayoyinku kan Fasaha: Yaya kwamfuta ke gane na'urorin da ke jikinta?

Tambaya: Malam, ina koyon gyaran kwamfuta a kusa da kasuwar Wunti, Bauchi. Na sa wa wata laftof 'yar gwanjo sabuwar Windows, sai na ga alamar rawaya a Device Manager, an rubuta cewa ba a san na'urar ba. In ba ta san ta ba, ta yaya ta san akwai ta?

Amsa: Ɗan'uwa, ganin na'ura daban, iya sarrafa ta daban. Da yawa daga cikin kayan laftof, irin su katin Wi-Fi da na hoto, suna kan layin PCI ne, wanda Intel ta fito da shi a 1992, ko kan magajinsa PCI Express. Da an kunna kwamfuta, BIOS, wato manhajar da ke cikin allon kwamfuta wadda ke tayar da ita, ke fara bin layin lamba bayan lamba tana tambaya ko akwai wani a wurin. Daga baya kanel, wato zuciyar Windows ko Linux, ya sake bin sahu. Kowace na'ura tana da ɗan wurin bayani na bayit 256, a PCI Express kuma 4096, kuma abin da ke farkonsa shi ne lambar kamfanin da ya ƙera ta da lambar ita kanta na'urar. Inda babu kowa, amsar da ke dawowa ita ce FFFF, sai a wuce gaba. In aka tarar da gada mai kaiwa ga wani layin, a ba layin lamba a shiga a ci gaba da nema.

Samun na'ura ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai an ba ta adireshin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, zai riƙa yi mata magana ta nan. Dabarar da ake bi a nan tana burge ni. Ana cika wurin adireshin na'urar da lamba 1 zalla, sannan a karanta abin da ya zauna. Wuraren da suka ƙi karɓa suka tsaya a 0 su ke nuna girman filin da take bukata. Daga nan sai a yanka mata fili daidai girmanta, kamar yadda sarkin kasuwa ke raba rumfuna don kada 'yan kasuwa biyu su faɗa wuri ɗaya. Ana kuma ba ta hanyar da za ta ja hankalin furosesa idan tana da saƙo, wadda ake kira IRQ. Tsofaffin masu gyara sun san wahalar da aka sha kafin wannan tsari: layukan IRQ 16 ne kacal, da hannu ake saita su a jikin kati, kuma in katin sauti da modem suka haɗu a layi ɗaya, ɗayansu ya yi shiru ke nan. Windows 95 ce ta yaɗa tsarin da kwamfuta ke yin rabon da kanta.

To taka na'urar an gan ta, direba ce babu, wato manhajar da ke nuna wa Windows yadda za ta sarrafa ta. Danna ta sau biyu, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. In a kan layin PCI take, za ka ga VEN da lambobi huɗu, wato lambar kamfani, sai DEV da wasu huɗu, wato lambar na'urar. 8086 Intel ce, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 10DE Nvidia. Da su za ka nemi direba a shafin kamfanin laftof ɗin. Manhajojin nan da ke alkawarin sa maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ni dai ba na ba da shawararsu. In ka ga Code 28 a bayanin na'urar a Device Manager, rashin direba ne. In Code 12 ne, wurin da za a ba na'urar ne ya gaza, kuma sau da yawa sabunta BIOS ke magance shi.

Tambaya: Daga Jekadafari, Gombe. RAM ɗina 4GB ce amma kwamfuta na cewa 3 da 'yan kai take amfani da shi. Mai shago ya cuce ni?

Amsa: Hajiya, da wuya. Duba ko Windows ɗinki mai bit 32 ce. Irinta ba ta iya ƙirga adireshi fiye da 4GB, kuma a cikin wannan 4GB ɗin ake yanka wa na'urori nasu filin, sai wani ɓangare na RAM ya rasa adireshi. Katin hoto na cikin furosesa ma yakan ɗebi nasa kaso. A sa miki mai bit 64, in furosesan na ɗauka.

Tambaya: Na yi wa wata wayar Tecno filashin, wato na sake zuba mata manhaja, da fayil na wata mai kama da ita. Ta kunna, amma tacin ya daina aiki. Ina Yelwa, Bauchi.

Amsa: Waya ba ta yin irin tambaye-tambayen da BIOS ke yi wa na'urori a kwamfuta. Android ma kanel ɗin Linux take amfani da shi, amma yawancin kayan waya suna kan layukan da na'ura ba ta iya gabatar da kanta. Tacin, misali, yawanci kan layin I2C yake. Saboda haka kamfani ke rubuta jerin kayan wayar a wani fayil, da adireshin kowanne da ƙafar da aka jona shi, kanel kuma ya gaskata jerin ba tare da bincike ba. Ka ba shi jerin wata wayar, yana can yana kiran tacin da babu shi a taka. Ko samfuri ɗaya ma yakan zo da sikirin na kamfanoni daban-daban. Nemo fayil ɗin da ya dace da cikakkiyar lambar samfurin wayar da lambar manhajar da ta zo da ita, ka sake filashin, kafin ka ce wa mai waya ya sayi sabon sikirin.