Hita na yoyo a cikin a-kori-kura: sai an cire dashbod ne?

Tambaya: Salam oga. Motata a-kori-kura ce, kwanan nan in na kunna hita sai gilashin gaba ya yi hazo, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi, kuma kafet ɗin gefen fasinja kullum a jiƙe. Ruwan lagireto ma yana raguwa. Wai ƙaramin lagireton hita ne ya fashe, zan iya canjawa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Alamomin nan da ka lissafo gaskiya sun yi kama da shi ɗin ne, amma kafin ka taɓa noti ko ɗaya ka tabbatar tukuna, don aikin nan ba ƙarami bane. Shi wannan abin ƙaramin lagireto ne da ke ɓoye cikin akwati a bayan dashbod, tiyo biyu ne ke shiga masa daga wajen injin, ɗaya ya kawo ruwan zafi ɗaya ya mayar, fanka ta hura iska ta cikinsa sai ka ji ɗumi.

Sa yatsa a kafet ɗin ka murza. In ruwan na da santsi, yana da kala kore ko ja-ja ko ruwan lemo, to kulan ne, wato ruwan lagireto mai sanyaya injin. In kuwa fari ne tas ba wari, to bututun da ke zubar da ruwan AC ne ya toshe, wannan aikin minti kaɗan ne kawai. Bakanike na da famfon da ake ɗaurawa a bakin lagireto a matsa iska, yawanci kusan psi (ma'aunin matsin iska) 13 zuwa 16 gwargwadon abin da aka rubuta a murfin, in allurar na sauka kuma ruwa na ɗiga a cikin mota to magana ta ƙare.

Wanda matsalarsa rashin zafi ne kawai ba yoyo, nasa daban ne, zai iya zama tamostat (abin da ke buɗewa da rufe hanyar ruwa gwargwadon zafin injin) ko iska a layin ruwan ko toshewa, ita toshewa ana wanke ta da tiyon ruwa ta baya a hankali.

To batun canjawa. Shi kayan ba shi ne mai tsada ba, isa wurinsa ne wahalar. Wasu tsofaffin motoci ta bayan akwatin ajiya na gefen fasinja ake zaro shi, amma irin su Ford F-150 na 1997 zuwa 2003 da Dodge Ram na 1994 zuwa 2001 sai dashbod ya matsa gaba ɗaya, a sauke sitiyari, kuma a motoci da yawa akwatin hita haɗe yake da na AC don haka sai an zuƙe gas ɗin AC da na'ura kafin a kwance faif, ba wai ka sake shi a iska ba. Ka ware yini guda cur, in karon farko ne ma ya fi haka.

Ka bari injin ya huce sarai. Cire kan batir na nagetif ka jira mintuna saboda jakar iskar nan ta hatsari, kar ta fashe maka a fuska. Juye kulan a roba mai murfi, guba ne kuma zaƙinsa na jan yara da dabbobi. Kowane soket ka ɗauke shi hoto kafin ka zare, notina kuma a leda daban-daban da rubutu, wallahi a wajen mayarwa ne mutane ke rikicewa ba wajen kwancewa ba. Tsohon tiyo in ya manne kar ka tsaya kokawa da shi, tsaga shi da reza ka sa sabo. A kan sabon lagireton kuma kar ka murɗa tiyo da ƙarfi, bakin bututun siriri ne, yana tsagewa daga gindi ka koma gidan jiya. Soson da ke kewaye da lagireton ma ka tabbata ya zauna daidai, in ba haka ba iska za ta bi ta gefe, zafin ya yi rauni.

Ni a ganina kar ka sayi mafi arha, kuma tunda an riga an buɗe ka duba ƙofar da ke gauraya iskar zafi da ta sanyi da ƙaramin injin lantarkin da ke juya ta. Garin magani ko ruwan da ake zubawa a lagireto wai ya toshe yoyo ban yarda da shi ba, ramukan ciki ƙanana ne, sai ya toshe su har da babban lagireto.

In ka haɗa, zuba kulan irin wanda kamfanin motar ya ce, rabi da rabi da tataccen ruwa in ba haɗaɗɗe ka saya ba, ka kunna injin hita a ƙure har iska ta gama fita, in ya huce ka ƙara cikawa. Kafet ɗin a ɗaga shi ya bushe kar ƙasan motar ya yi tsatsa.

In ba halin yin aikin yanzu, zare tiyo biyun ta wajen injin ka haɗa su da juna da guntun faif da kilif. Yoyon zai tsaya, motar za ta yi tafiyarta, sai dai ba ɗumi kuma ba abin goge hazon gilashi har ranar da za ka canja.