Na sayar da zane, mai saye ya buga shi a kalanda: shin haƙƙina ya tafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Ni mai zane ne a Tudun Wada, Kaduna, da fenti da buroshi nake ciyar da iyalina. Wani ɗan kasuwa ya sa na zana masa mahayin doki a hawan Sallar Zazzau, muka yi ciniki da baki a kan naira 150,000, ya ba ni 90,000, sauran har yau shiru. Yanzu na ga zanen a kalandar kamfaninsa da rigunan da yake rabawa, an ma goge sa hannuna. Da na yi magana sai ya ce abin da ya saya da kuɗinsa nasa ne. Wani kuma ya ce tunda ban yi rajista ba, ba ni da ta cewa, amma in na ba shi kuɗi zai yi mini. Hankalina ya tashi, ga bashin kayan aiki, ga kuɗin hayar shago ya zo. Haƙƙina ya tafi ke nan? Kuma yaya mutum zai rayu da wannan sana'a?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, haƙƙinka bai tafi ba, kuma kada ka ba mai maganar rajistar nan ko kwabo. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, haƙƙin zane yana tabbata ne tun daga lokacin da aikin ya hau kan ƙyalle ko takarda, ba sai wata hukuma ta buga masa hatimi ba. Rajistar da hukumar kula da haƙƙin mallaka ta Najeriya (NCC) ke yi ganin dama ce, amfaninta ƙarfafa hujja a ranar gardama, kuma kai da kanka za ka iya yin ta ta intanet. Waɗannan dillalan da ke zagaya shagunan masu zane da situdiyon mawaƙa suna tsorata su da rajista, jahilcin mutane suke ci.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar ɗan kasuwar, domin kusan kullum sai na ji ta, kuma abin takaici daga bakin masu zanen kansu na fi jin ta: wai wanda ya biya kuɗi shi ke da komai. Wannan ba gaskiya ba ce, kuma ita ta talauta masu fasaha da yawa a garin nan fiye da tsadar fenti. Abubuwa biyu ne a cikin kowane zane. Akwai ƙyallen da ke cikin firam, wanda mai saye zai rataya a falonsa, ya ba da shi kyauta ko ya sayar. Akwai kuma ikon kwafar zanen, a buga shi a kalanda, a riga, a allon talla ko a shafin kasuwanci, kuma wannan ikon yana hannun wanda ya zana har sai ya miƙa shi. Wanda ya sayi buhun masara bai sayi gonar ba. Doka ta ce miƙa haƙƙin mallaka ɗungurungum, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya keɓanta gare shi, ba ya inganta sai a rubuce. Tunda da baki kuka yi ciniki, ba ka miƙa masa haƙƙin mallakar ba. Wannan haƙƙi kuwa ba na shekara ɗaya ba ne, yana nan tsawon rayuwarka da shekara 70 bayan rasuwarka, wato gado ne da 'ya'yanka za su ci, shi ne ake so ka yafe a kan kuɗin da ba a ma cika ba. Goge sa hannunka kuma laifi ne mai zaman kansa, domin haƙƙin a jingina maka aikinka ba ya cikin abin da ake sayarwa.

Sai dai akwai wuri guda da ya kamata ka yi wa kanka adalci. Izini na gama-gari ana iya ba da shi da baki, kotu ma tana iya fahimtar sa daga yadda mutane suka yi mu'amala. Idan tun farko ya gaya maka kalanda zai buga da zanen, ka ce to, zai iya kafa hujja da wannan. Idan kuwa cewa ya yi ofishinsa zai ƙawata, ba shi da madafa. Haka nan aikin da aka yi ƙarƙashin umarnin gwamnati ko ma'aikatunta hukuncinsa daban ne, haƙƙin nata ne sai in an yi yarjejeniyar akasin haka.

Na san abin da ke hana ku rubutu: kunya. Mai zane yana ganin idan ya fito da takarda Alhaji zai ce ba a yarda da shi ba, ya kai aikin wani shagon. Ɗan'uwa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta kuma ce kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba, a kafa masa shaidu. Sahabbai aka fara yi wa wannan umarni, mutanen da amanarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba, to wane ne mu da za mu ce rubutu zargi ne? Wanda ya yi niyyar biya takarda ba ta ɓata masa rai, wanda kuwa ya fusata da ita ya gaya maka halinsa tun kafin ka ɓarnatar da fentinka. Shafi ɗaya ya isa, ko da Hausa ne: girman aikin, farashi, kafin alƙalami, ranar cikawa, da layi guda da ke cewa an sayar da zanen ne ba tare da ikon kwafarsa ba. In yana son bugawa, a yi masa farashi daban, a faɗi guda nawa, a kan me, zuwa yaushe.

A kan matsalarka ta yanzu, ka tattara zanen gwaji na farko, hotunan aikin tun yana rabi, saƙonninku na WhatsApp, shaidar shigar kuɗi daga banki, da kalandar da rigar kansu. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da hujjar na'ura. Lauya ya rubuta masa wasiƙar neman cikon 60,000, da kuɗin izinin abin da ya riga ya buga, da mayar da sunanka. Da yawa a nan suke sasantawa. In ya ƙi, shari'ar haƙƙin mallaka ta Babbar Kotun Tarayya ce, kuma akwai ta a Kaduna, tana iya hana shi ci gaba, ta sa ya biya diyya ko ya fito da ribar da ya ci.

Batun rayuwa da sana'ar kuwa, kada ka taɓa buroshi sai an ba ka kafin alƙalamin da ya rufe kuɗin kayan aiki duka, kada kuma zane ya bar shago sai an cika. Aikin 'yan siyasa a karɓi kuɗinsa baki ɗaya kafin ranar zaɓe. Ka yi wa sunan shagonka rajista a hukumar rajistar kamfanoni (CAC), ka buɗe masa asusu daban da na cefane, ka yanka wa kanka albashi a wata, domin abin da ya shigo lokacin Sallah da bukukuwan aure shi zai riƙe ka a watannin da kasuwa ta mutu. Ka ajiye rasiɗin fenti, firam, haya da man janareta, saboda a kan riba ake lissafin haraji, kuma daga Janairun 2026 naira 800,000 na farko a shekara ba a cire musu komai.

Kafin lauya ya aika wasiƙar, ka gaya masa gaskiyar inda ka samo siffar mahayin dokin. Idan daga hoton wani mai ɗaukar hoto ka kwafo ta ba da izininsa ba, shi ma yana da haƙƙi a kan hotonsa, kuma lauyan ɗan kasuwar daga nan zai fara bincike.