Amsa: wane fenti zan shafa a cikin ƙaramin samfurin jirgin saman B-17G ɗina?

Malam, kan tambayarka ko za ka mulka wa cikin jirgin kore gaba ɗaya, a'a wallahi kar ka yi. Yawancin B-17G, wato jiragen jefa bom da Amurka ta ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu, tsakiyar jikinsu inda masu harbi ke tsayawa ba a ma shafa masa fenti ba, alminiyom ne tsurarsa, wurin matuƙa ne aka fi yi wa kore mai duhu sosai. Kuma kamfani uku ne suka ƙera shi, Boeing da Douglas da Vega, shi ya sa za ka ga bambanci nan da can.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne jiragen gidan tarihi, an sake musu fenti daga baya don gudun tsatsa, ni ma haka na kwaikwaya a nawa na farko na ɓata shi. Nemi tsofaffin hotunan lokacin yaƙin kawai.

Jirgin jefa bom na Ingila mai suna Lancaster kuwa da ka ambata, a cikinsa yawanci gaba baƙi ne, bayan kuma kore mai ruwan toka.