Ɗakunan katako a kan rufin shago: amsa ga wani ɗan kasuwa a Port Sudan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan masarufi a Port Sudan, kuma ina da gini nawa na kaina, shaguna uku a jere masu rufin kankare. Wani kafinta ya nuna min hotuna a waya, yadda Turawa ke haɗa ɗakunan katako su ɗora a kan tsofaffin gine-gine. Ya ce zai yi min ɗaki huɗu a sama in zuba 'yan haya. Aikin zai ci kusan rabin jarina, amma ka san yadda haya ta yi tsada a garin nan. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi.

Abin da kafintan ya nuna maka ba ƙarya ba ne. A manyan biranen Turai fili ya fi ƙarfin talaka, rufin gidaje kuma yana zaune a banza, shi ya sa suka koma gini a sama. A Ingila ma tun watan Agustan 2020 aka sassauta doka, ana iya ƙara hawa har biyu a kan wasu gidaje ba tare da doguwar zirga-zirgar neman izini ba. Katako suke zaɓa saboda rashin nauyi. Kankare mai mita ɗaya ta kowane ɓangare yana kai kilo 2,400, katakon gini mai girmansa kuwa bai wuce kilo 500 ba. Sai dai na cikin hotunan alluna ne masu kauri da ake manne su a gicciye a masana'anta, fasahar da ta bunƙasa a Ostiriya a shekarun 1990, ana yanka su da na'ura a ɗaga su da kuren, wato injin ɗaga kaya masu nauyi. Kafintanka da katakon muski, wato katakon gini na yau da kullum, da filawud da kwano zai yi aiki. Wannan ma yana yiwuwa, amma kada ka biya kuɗin hoto a ba ka rumfa.

Inda na fi jin tsoro shi ne lissafin hayar. Tsadar da kake gani ta yaƙi ce. Bayan yaƙin ya ɓarke a Kartum, babban birnin Sudan, ranar 15 ga Afrilun 2023, gwamnati da bankuna da ƙungiyoyin agaji suka taso suka cika Port Sudan, ga dubban iyalai da suka baro gidajensu, ɗakin da a da ake roƙon a kama shi ya zama sai da kamun ƙafa. To tun da sojoji suka karɓe Kartum a watan Maris na 2025 mutane ke komawa, kuma waɗanda za su fara tafiya su ne masu biya da tsoka. Wanda zai rage maka shi ne ɗan dakon tashar jiragen ruwa, da ɗalibi, da magidancin da bai da inda zai koma. Su ne 'yan hayarka na gaskiya, da aljihunsu za ka auna. Ka ɗauki hayar yau ka raba ta biyu, ka cire wata biyu a shekara da ɗaki zai zauna ba kowa, ka cire gyara. In da abin da ya rage kuɗinka za su dawo cikin shekara huɗu ko biyar, aikin ya ci. In kuwa sai hayar yau ta ɗore kafin ka fita, caca ce.

Sannan ka yi lissafin da dala. Katakon shigo da shi ake yi, da dala za ka saye shi ko da a fam ɗin Sudan ka biya, haya kuma a fam za ta zo. Kafin yaƙin dala ɗaya wajen fam 600 ce, a 2024 ta haura 2,000. Mai shago yana ɗaga farashin sukari da safe in dala ta motsa, mai gidan haya sai ya jira yarjejeniya ta ƙare. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka cire rabin jari daga kasuwar da ke juyawa kullum ka binne a abin da ke kawo kuɗi wata-wata. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Kuɗin farko da za ka kashe na injiniya ne, ba na kafinta ba. Kafin ya zo, ka shiga shagon ka ɗaga kai. In ka ga kankare ya kumbura ko ya ɓare, rodi ya leƙo ja wur da tsatsa, maganar ta ƙare. Iskar Bahar Maliya gishiri gare ta, tana cin ƙarfe daga ciki, kuma gine-gine da yawa an yi su ne don su ɗauki kansu kawai. Injiniya zai duba harsashi da ginshiƙai, ya nuna inda nauyi zai sauka, domin a kan ginshiƙi ake ɗora shi, ba a tsakiyar rufi ba. Abin da mutane ke mantawa shi ne tankin ruwa. Lita 1,000 tan ɗaya ne cur a wuri guda, kuma a garin da ruwa ya ƙara wuya tun fashewar madatsar Arba'at da ke ba garin ruwa a Agustan 2024, babu ɗan hayar da zai zauna a sama ba tanki. Rashin nauyin ma yana da nasa sharri, ɗakin da ba a ɗaure shi da kusoshi cikin kankare ba iska na iya yaye shi.

Zafi kuwa ka fi ni saninsa. Ɗakin kwano a kan rufi a watan Yuli ba ya zaunuwa sai an sa silin da abin tare zafi, an bar tagogi suna kallon juna. Katako a yi masa maganin gara, kada ya taɓa inda ruwa ke kwanciya. Wuta ita ce babbar: waya a cikin bututu, wurin girki da garwashin dafa jabana, wato gahawa, a waje a kan siminti, matakala kuma ta ƙarfe ko kankare ta fita titi kai tsaye, ba ta cikin shago ba. Ka tuna duk dukiyarka tana ƙarƙashin ƙafarsu.

Ka je ofishin tsara gari da takardar mallakar filinka ka nemi izinin ƙarin hawa a rubuce. Ka kuma zauna da maƙwabta tun kafin a kawo katako, don tagar da ke leƙa tsakar gidan mutum tana iya tsayar da aikin da aka riga aka kashe wa kuɗi.

Shawarata, ka fara da ɗaki biyu da banɗaki ɗaya, daga ribar shago ko da abokin tarayya da zai zuba kuɗi ku raba haya, kada abin ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na jarinka. A haɗa bangon da noti da kusa mai kwancewa, yadda in haya ta faɗi za ka mayar da wurin sito ko ka kwance ka sayar. Da kafinta kuma ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu: kai za ka sayi katakon da hannunka, kuɗin aikinsa kashi uku, na ƙarshe sai injiniya ya hau ya duba. In ɗakunan biyu suka shekara cike da mutane kuma rufin bai tsage ba, sai ka sake rubuto min mu yi maganar sauran biyun.