Kafin ka sayi gilashin makuro, ɗauko rula

Jiya muna rufe shago ka ce mini, "Maigida, Hajiyar nan mai sayar da zobba da 'yan kunne tana so in riƙa ɗaukar mata kayanta tana sawa a Instagram. Na ga gilashin kyamara 70-300 a Adum, nan Kumasi, an rubuta makuro a jikinsa, in saya?" Lokacin an kira magariba, shi ya sa na ce ka bari sai da safe. To jawo benci, ɗana.

Kada ka saya. Rubutun nan na jikinsa kwalliyar kasuwa ce. Makuro gilashi ne na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa. Na ainihi shi ne mai ba ka 1:1, wato abin da yake milimita 10 a zahiri ya zauna milimita 10 cif a kan sensa, ɗan farantin cikin kyamara da hoto yake sauka a kai. Irin waɗannan masu dogon zango, mai kirkin cikinsu shi ne ya kai 1:2, shi ma sai ka ja shi can wajen 300, ka tsaya kusan mita ɗaya daga abin, hoton yana rawa kamar kana cikin tro-tro a hanyar Aboabo. Gwajin ba wuya. Ajiye rula a tebur, matso har inda kyamara ta daina kamawa, ɗauka, sannan ka ƙirga layukan. Faɗin sensar Nikon ɗinka milimita 23.5 ne. In ka ga milimita 23 ko 24 sun cika hoton daga gefe zuwa gefe, 1:1 ke nan. In 47 ka gani, rabi ka samu. Gilashin 18-55 da ya zo da kyamarar zai nuna maka tsakanin 60 da 75.

Abin da yara ba sa tambaya, kuma shi ne ya taɓa kunyata ni, shi ne tazarar da ke tsakanin bakin gilashi da abin da kake ɗauka. Na taɓa aro ɗan gajeren makuro na Nikon, mai 40mm, na je ɗaukar wa wani maƙerin zinariya zobe. Gilashi mai kyau ne, ga araha. Amma a 1:1 bakinsa bai fi santimita 5 da zoben ba. Zinariya kuwa madubi ce. Da na buɗe hoton a kwamfuta sai ga wani baƙin da'ira a tsakiyar zoben, ashe gilashina ne yake kallon kansa, ga inuwar hannuna a gefe. Ba ta inda fitila za ta kutsa. Mutumin ya duba ya ce, "Masta, wannan tagulla ce ko zinariyata?" Ban karɓi ko kwabo ba ranar.

Shi ya sa nake cewa tsakanin 90 da 105 ake zama. Nikon 105mm f/2.8, ko Canon 100mm ga masu Canon, ko Tamron 90, ko Sigma 105, duk suna kai 1:1, kuma suna bar maka santimita 10 zuwa 15 a gaba. A nan haske yake samun hanya, ƙwaro ma ba ya tashi. Ni Tamron na hannu nake riƙe da shi, ban taɓa jin na rasa komai ba. In ka samu tsoho wanda ba ya saita kansa a ƙaramar kyamararka, kada hakan ya dame ka, don a wannan aikin da hannu ake saiti, wani lokaci ma jikinka za ka riƙa turawa gaba da baya a hankali har wurin ya fito.

Amma kai yanzu ba ka kai nan ba, kuma Hajiya ba ta fara biya ba tukuna. Kana da gilashin 50mm. Sayi zobban ƙari, waɗanda ake ɗaurawa tsakanin kyamara da gilashi. Uku suke zuwa, milimita 12 da 20 da 36, babu gilashi a cikinsu, rami ne kawai. Lissafin shi ne ka raba tsawon zoben da tsawon gilashin: 20 a kan 50 ya ƙara maka 0.4, in ka haɗa da ɗan abin da gilashin yake yi da kansa ka haura 1:2. Wannan ya ishi zobe, don zobe mai faɗin santimita 2 ba zai ma shiga hotonka a 1:1 ba, tsayin sensar milimita 15.6 ne. In ka haɗa ukun ka wuce 1:1, har zaren kente za ka ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Ka tabbata ka sayi masu 'yan ƙarafan lantarki a ciki. Marasa su sun fi araha, amma kyamara ba za ta iya juya ƙofar haske ba.

Ragowar kuɗin ka kai wa haske. A 1:1 kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai yake isa sensa, kuma wurin da yake fitowa tsaf a f/11 (lambar ƙofar haske ce, tana girma ƙofar tana tsukewa) kamar milimita 1 ne. Ka kama dutsen zobe, ƙarfensa ya zama hazo. Kada ka ce bari ka matse zuwa f/32, hoton duka zai yi laushi. Tsaya a f/8 zuwa f/16, ka sa filashi, ko ƙaramin Godox ne, saurin ɗauka a 1/200 na daƙiƙa. Sai dai filashi tsirara a kan zinariya walƙiya ce kawai. Farar robar da ka ci wake da shinkafa a ciki jiya, wanke ta, huda gindinta, kifa ta a kan zoben, ka leƙa da gilashi ta ramin, ka haska daga waje. Ka ga yadda ƙarfen zai yi sumul. Sannan ƙafar kyamara mai nauyi, da jinkirin daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka. In kana son zoben duka ya fito daga gaba har baya, ɗauki hoto 15 ko 20 kana matsar da saiti kaɗan-kaɗan, manhajar Photoshop ko Helicon Focus ta haɗa maka.

Ranar da ka tashi sayen na hannun, tafi da ni, ko aƙalla ka buɗe murfin gaba da baya ka haska fitilar waya ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce. In ka ga wani farin zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, ajiye masa kayansa ko nawa ya rage maka. Daminar Kumasi ba ta raga wa gilashi, shi ya sa nawa suke kwana a roba mai murfi da ƙullin silika mai shanye danshi. Da hunturu kuma kada ka canja gilashi a fili, don a f/16 duk ƙurar da ta hau sensa sai ta fito a hoto.

Gobe ka karɓo zobe ɗaya da sarƙa wajen Hajiya, in ara maka zobban ƙarina mu gwada a nan. In hannunka ya zauna, wata Lahadi mu shiga dajin Bobiri wajen malam buɗe littafi. Da sassafe za mu tashi, kafin rana ta ɗumama musu fukafukai.